Soyayya, abota da ƙyamar masu neman jinsi a ƙagaggun labaran Afirka

Idan marubuci ya ba da labarin saurayin da zuciyarsa ta karkata ga namiji ɗan'uwansa, ko budurwar da ta kamu da son ƙawarta, tallar abin yake yi, ko kuwa wani abu ne da ke faruwa a bayan katanga ya fito da shi fili? Tambayar nan kan taso duk sanda wani littafi ya yi tashe. A watan Nuwamba na 2021, Mohamed Mbougar Sarr na ƙasar Senegal ya ci Goncourt, kyautar da ta fi kowace girma a adabin Faransanci, yana ɗan shekara 31, kuma shi ne na farko daga Afirka kudu da Sahara da ya taɓa cin ta. Ba a gama guɗa ba sai aka tono wani littafinsa na 2018 mai suna De purs hommes, aka yi masa ca a shafukan sada zumunta cewa don ya kare 'yan luwaɗi ne Turawa suka saka masa, alhali wani littafi ne dabam ya ciwo kyautar. A nan gida ma, a 2023 hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar Kano ta hana sayar da Queen Primer, tsohon littafin koyon karatun yara, saboda kalmar "gay" da ke ciki, wadda a Turancin zamanin da aka rubuta shi take nufin mai fara'a.

A wannan batu sau da yawa hukunci kan riga karatu. Wanda ya zauna ya karanta littattafan zai tarar mafi yawansu sun kafa ido ne a kan mutum na uku: aboki, uwa, maƙwabciya, matar aure, wanda asirin wani ya faɗo hannunsa, kuma tilas ya zaɓi abin da zai yi da shi.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Luwaɗi da maɗigo sunayen aiki ne. Hukuncinsu a Musulunci sananne ne, mazhabobi ba su saɓa a kan haramcinsu ba, kuma mafi yawan majami'un Afirka a kan haka suke. Littattafan da muke magana a kai sun fi damuwa da abin da ke gabanin aikin da abin da ke biyo bayansa: karkatar zuciya, wadda 'yan jarida ke kira neman jinsi, da kuma abin da jama'a ke yi wa wanda aka zarga. Ko a fiƙihu ba a auna abin da ya ɗarsu a zuci da abin da gaɓɓai suka aikata da mudu ɗaya, ba a kuma daidaita zargi da hujja.

Ɗan daudu wani abu ne dabam. Kalmar na nuni ga ɗabi'a da sana'a: magana da rangwaɗa irin ta mata, tuwo-tuwo a tasha da bakin kasuwa, hidimar biki. Rudolf Gaudio, masanin harshe ɗan Amurka da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna a littafinsa na 2009 cewa da yawa daga 'yan daudu na da mata da 'ya'ya, kuma ba kowane ɗan daudu ke neman maza ba, kamar yadda da yawa daga masu neman mazan babu wata alama a jikinsu. Wolofawan Senegal na da kalma makamanciyar wannan, goor-jigeen, wato namiji-mace. A da sunan masu yi wa manyan mata hidimar biki ne, yanzu ta koma zagi mai iya jawo wa mutum duka.

Sai kalmar da Turawa ke cewa homofobiya, wadda George Weinberg, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yaɗa a littafinsa na 1972. Wasu na jifan duk wanda bai yarda da abin ba da ita, ko da a zuciyarsa ne, shi ya sa mai addini kan ji kamar an zage shi. Abin da labaran ke nunawa ya fi haka takamaimai: duka, kora daga gida, kora daga aiki, karɓar kuɗin rufe baki, hana gawa makwanci. Wannan za mu kira ƙyama a nan.

Hausa ta fi Turanci wadata a fagen zuciya. Muna da so, da ƙauna, da shaƙuwa, da bege, da sha'awa, da aminci, kowanne da gurbinsa, alhali Turanci kan tattara yawancinsu a kalma ɗaya. A tsakanin waɗannan kalmomi ƙwararrun marubuta ke aiki, inda matashi bai san ko abin da yake ji game da amininsa shaƙuwa ce ko wani abu ne da ya zarce ta ba, kuma babu wanda zai iya tambaya.

Daga baƙo zuwa ɗan gida

Batun ya daɗe a adabin Afirka. Abin da ya sauya shi ne wanda ake ɗora wa shi. A The Interpreters na Wole Soyinka, 1965, Joe Golder malamin jami'a ne da ya zo daga Amurka. A Le Devoir de violence na Yambo Ouologuem ɗan Mali, 1968, Bafaranshe ne mai hali ya ɗauki ɗalibi ɗan Afirka da talauci ya kayar a Faransa. A Our Sister Killjoy na Ama Ata Aidoo ta Ghana, 1977, Bajamushiya ce, Marija, ta nemi Sissie, ita kuma ta ƙi. Da Chris Dunton ya bi diddigin irin waɗannan rubuce-rubuce a wani nazari na 1989, ya tarar kusan ko'ina an nuna abin a matsayin kayan baƙi, wanda mulkin mallaka ko zaman Turai ya kawo.

Da aka shiga shekarun 2000 sai ɗan gida ya fara magana da bakinsa. K. Sello Duiker na Afirka ta Kudu ya fitar da The Quiet Violence of Dreams a 2001. A Najeriya, Walking with Shadows na Jude Dibia, 2005, shi ake yawan lissafawa a matsayin na farko da ya ɗora labari kacokan a kan irin wannan mutum. Adrian babban ma'aikaci ne a wani kamfani a Legas, yana da mata da 'ya ɗaya. Wani abokin aiki da Adrian ya bankaɗo almundahanarsa shi ne ya kai wa matarsa labarin tsohuwar rayuwarsa. Tun daga nan aka ga abin da zai yi ta maimaituwa: mai tonon asirin ba kishin addini ya motsa shi ba, ramuwa ce.

A 2007 gajeren labarin Monica Arac de Nyeko ta Yuganda, Jambula Tree, ya ci kyautar Caine. Ya fara fitowa ne a wani kundin labaran soyayya na 2006 da Ama Ata Aidoo ɗin nan ta shirya, kusan shekara talatin bayan ta ɗora wa Bajamushiya abin.

Gaɓoɓin labarin

Kusan dukkansu da abota suke farawa, kuma akwai dalili. A wuraren da aka raba maza da mata, kamar makarantar kwana, ɗakin ɗalibai, shago da bariki, kusancin jinsi ɗaya shi ne zaman yau da kullum, babu mai ɗaga ido. A Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta, 2015, Ijeoma yarinya ce 'yar ƙabilar Ibo da aka kashe mahaifinta a ruwan bama-baman yaƙin Biyafara, aka kai ta aikatau gidan wani malami a Nnewi. Can ta haɗu da Amina, Bahaushiya da yaƙi ya raba da danginta. Marayu biyu ne da tabarma ɗaya ta haɗa kafin komai. Da uwar Ijeoma ta ji labari, laifi biyu ta lissafa mata: mace ce, sannan ko da namiji ce ma, Bahaushiya ce.

Gaɓa ta biyu ita ce ido na uku. A Jambula Tree, wanda aka rubuta da salon wasiƙa daga Anyango zuwa Sanyu, maƙwabciya ce a rukunin gidajen Nakawa da ke Kampala, Mama Atim, ta haske su da tocila a gindin bishiya, kafin gari ya waye unguwa ta ɗauka. Iyayen Sanyu masu hali ne, suka tura ta Landan. Anyango 'yar talakawa ita aka bari tana shan kallo da gulma shekara da shekaru. A Blessings na Chukwuebuka Ibeh, 2024, uba ne ya ga ɗansa Obiefuna da yaron shagonsa a wani yanayi, ya kori ɗaya, ya tura ɗayan makarantar kwana ta mishan.

Wanda ya fi kowa zurfafa wannan gaɓa shi ne Tendai Huchu na Zimbabuwe, a The Hairdresser of Harare, 2010, domin ya miƙa wa mai tonon asirin ragamar ba da labarin. Vimbai ita ce gwanar gyaran gashi a shagon Misis Khumalo, har ranar da wani saurayi, Dumisani, ya zo ya ƙwace mata kwastomomi. Kishi ya koma abota, ta ba shi hayar ɗaki a gidanta, ya shaƙu da 'yarta, ya kai ta bikin ɗan'uwansa. Danginsa attajirai suka karɓe ta hannu bibbiyu, suka yi ta yi mata ɓarin kuɗi, ita ba ta san dalili ba: sun ɗauka ita ce ta warkar musu da ɗa. Sai ta tsinci littafin da yake rubuta sirrinsa, ta gano yana tare da mijin wata minista da ke zuwa gyaran gashi. Cikin fushin wadda aka yaudara ta kai wa ministar labari. Aka aiko ƙarti suka yi masa dukan kawo wuƙa, da ƙyar ya rayu ya bar ƙasar. Mai karatu ba ya iya tsanar Vimbai, don an yi amfani da ita a matsayin labule ba da saninta ba. Ba ya kuma iya wanke ta, don ta san irin mutanen da ta kai wa ƙara. Littafin ya bar mutum da tambayar da babu mai son a yi masa: da kai ne ka tsinci littafin, ina za ka kai shi?

Wani lokacin cin amanar daga cikin gida take fitowa. A gajeren labarin Chimamanda Ngozi Adichie mai suna Apollo, 2015, Okenwa ɗan malaman jami'a ne da ya shaƙu da yaron gidansu Raphael, saboda dukansu suna son wasan kunfu. Raphael ya kamu da ciwon idon nan na afolo, aka killace shi a ɗakin yaran gida, Okenwa ya riƙa saɗaɗawa yana ɗiga masa magani har shi ma ya kamu. Da ya ga Raphael na hira da wata 'yar aikin maƙwabta bai kula shi ba, sai ya faɗi, ya ce Raphael ne ya ture shi. Aka kori yaron. Babu kalmar luwaɗi ko ɗaya a labarin, babu abin da ya faru da za a nuna da yatsa. Kishi ne wanda yaro bai san sunansa ba, ya haɗu da ikon ɗan masu gida a kan bara.

Gaɓa ta uku ita ce neman magani. Uwar Ijeoma ta zaunar da ita tana bi da ita Baibul aya-aya. Ɗan'uwan Adrian ya kai shi wurin fasto aka zane shi da bulala. A Speak No Evil na Uzodinma Iweala, 2018, uba ya ɗauko ɗansa Niru daga Washington ya kawo shi Najeriya a yi masa addu'ar fitar da aljani. A duk labaran sakamakon iri ɗaya ne: yaron ya koyi ɓoyewa, ya daina gaya wa iyayensa komai.

Ta huɗu ita ce aure, kuma ita ta fi shafar gidajen talakawa, domin "a yi masa aure zai daina" magana ce da ake yi a kowace ƙabila. Ijeoma ta auri Chibundu, abokinta na yarinta, mutumin kirki, aka wayi gari ya zama mai ɗacin rai saboda yana zaune da matar da ya san zuciyarta ba ta wurinsa. Ada, matar Adrian, ta shiga tantamar ko akwai rana ɗaya ta gaskiya a aurenta. A nan marubutan sun yi adalci: sun nuna cewa wanda aka aurar wa mutum ba tare da an gaya masa ba shi ne ya fi kowa cutuwa. Ɗaukar 'yar mutane a mai da ita magani ba da saninta ba zalunci ne, ko da wace niyya aka yi shi.

Ƙarshen kuwa bai cika wuce uku ba: mutuwa, barin ƙasa, ko shiru. The Death of Vivek Oji na Akwaeke Emezi, 2020, da gawa ma ya fara, uwa ta buɗe ƙofa ta tarar da ɗanta, ta yi ta bin ƙawayensa tana roƙon su gaya mata wane ne ɗan da ta haifa.

Me ya sa littattafan suka yawaita bayan 2014

Doka ce ta hura wutar. A ranar 7 ga Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka, shekara 10 ga mai kafa ko shiga ƙungiyarsu, da kuma wanda ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Tun kafin nan aikin laifi ne a sashe na 214 na dokar laifuka ta Kudu da sashe na 284 na final kod na Arewa, kowanne shekara 14, ban da dokokin Shari'a da jihohi 12 suka kafa daga 2000. Sashe na 405 na final kod har ya sa namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza, kuma daga wannan kalma Eloghosa Osunde ta samo sunan littafinta na 2022, Vagabonds!

A watan da aka sa hannun ne Binyavanga Wainaina, fitaccen marubucin Kenya, ya wallafa wani babi da ya ce ya ɓace daga tarihin rayuwarsa, inda ya bayyana kansa a matsayin mai neman jinsi. Yuganda ta yi tata dokar a Fabrairun 2014, kotun tsarin mulki ta soke ta a Agusta saboda 'yan majalisar da suka zartar ba su kai adadi ba, aka sake yin mai tsanani a 2023, har da hukuncin kisa a wasu yanayi. Majalisar Ghana ta zartar da nata ƙudirin a Fabrairun 2024, Shugaba Akufo-Addo ya sauka bai sa hannu ba. A ɗaya gefen, Afirka ta Kudu ta halatta auren tun 2006, Mozambik ta cire hukuncin a 2015, kotun Botswana ta soke shi a 2019, shekarar da babbar kotun Kenya ta ƙi sokewa. Nahiyar ba baki ɗaya take magana ba.

Ɓangarorin muhawara

Masu cewa "ba al'adarmu ba ce" su suka fi yawa. Shugaba Robert Mugabe na Zimbabuwe ya fito da wannan matsayi ƙarara a 1995, kuma a kan baje kolin littattafai na Harare rigimar ta tashi. Masana tarihi kan amsa da misalai: rikicin Sarki Mwanga na masarautar Buganda, a Yuganda ta yau, da yaran fadarsa da aka ce sun ƙi ya neme su a 1886, abin da Baturen masani Evans-Pritchard ya rubuta game da mayaƙan ƙabilar Azande masu auren samari, amincin motsoalle tsakanin matan Lesotho, da kalmomin da harsunan gida ke da su tun kafin zuwan Bature. Suna ƙarawa da cewa sassan dokar da ke hukunta abin a ƙasashen renon Ingila jikokin sashe na 377 ne na dokar Indiya ta 1860. Kowane ɓangare na wuce gona da iri. Samuwar abu a tarihi ba ta nufin al'umma ta yarda da shi, kuma ba duk dokokin ne gadon Turawa ba: Senegal da Kamaru bayan samun 'yanci suka rubuta nasu. Abin da za a iya cewa baƙo ne shi ne mai da abin sunan da mutum ke kiran kansa da shi, da tuta da ƙungiya da siyasa.

Mai addini zai ce tarihi ba ya halatta haram, kuma wannan matsayi ne da ba ya buƙatar izinin kowa. Sai dai addinin da ya haramta aikin shi ya haramta bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, ya gindaya shaidu huɗu a wurin jumhurun malamai, ya sa bulala tamanin ga mai ƙazafi, ya kwaɗaitar da suturta Musulmi, ya kuma bar zartar da hukunci a hannun hukuma. Maƙwabciya mai tocila, abokin aiki mai ramuwa, da gungun matasa masu gora ba su da mafaka a cikin wannan tsari. Mafi ƙarfin littattafan a wannan giɓi suke zaune, tsakanin abin da mutane ke cewa sun yi imani da shi da abin da hannayensu ke yi.

Sai masu cewa kasuwa ce: rubuta abin da Turawa ke so, ka ci kyauta. Zargin na da tushe. Manyan kamfanonin ɗab'i a Landan da New York da Faris suke, kuma ƙasashen Yamma sun sha haɗa batun da tallafi, tun daga barazanar yanke tallafi da David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi a 2011 har zuwa dakatar da sabon bashi da Bankin Duniya ya yi wa Yuganda a 2023. Amma Dibia a Najeriya ya fitar da nasa tun babu wata kasuwa, daga baya ya bar ƙasar. Weaver Press ta Harare ce ta fara buga na Huchu. Littafin Sarr da haɗin gwiwar kamfanin Jimsaan na Dakar ya fito. Mawaƙi Romeo Oriogun barazana ya sha bayan ya ci kyautar Brunel a 2017. Rafiki, fim ɗin da Wanuri Kahiu ta yi daga Jambula Tree, an hana nuna shi a Kenya a 2018, kotu ta ɗage hanin na kwana bakwai kacal. Wanda kuɗi kawai yake nema yana da hanyoyin da suka fi wannan sauƙi.

Inda marubutan ke tuntuɓe

Ba duk littattafan ne masu kyau ba. Gaɓoɓin nan da aka lissafa sun fara zama ƙa'ida, har mai karatu kan san shafin da uba zai banko ƙofa. Raunanan cikinsu kan mai da fasto ko liman dodo marar fuska, alhali uwar da ke kuka a kan sallaya don tsoron wuta ga ɗanta ƙauna ce ke motsa ta, kuma labarin da bai ga haka ba bai san mutanensa ba. Wasu kan ɗauko sunaye da rabe-raben Amurka su liƙa wa ɗan ƙauyen da bai taɓa jin su ba. Yawanci kuma 'yan boko ne, Kiristoci, 'yan Kudu, masu fasfo. Wanda ba shi da kuɗin jirgi ba a cika jin ƙarshensa ba.

Arewa ba ta cika fitowa ba. Arinze Ifeakandu, haifaffen Kano, wanda kundinsa God's Children Are Little Broken Things ya ci kyautar Dylan Thomas a 2023, yana cikin 'yan kaɗan da suka sa garin a labari, har da ɗan kasuwa mai iyali da wani attajiri ke riƙe da shi da kuɗi. Elnathan John ma ya taɓo batun a gefe a Born on a Tuesday, ta idon almajiri da ya ga abin da ya rasa wanda zai gaya wa.

Littattafanmu na Hausa kuwa, idan sun taɓo maɗigo ko luwaɗi, da sunan faɗakarwa suke zuwa: hajiya mai kuɗi ta lalata yarinya, a ƙarshe a yi nadama ko a halaka. Tun da aka kafa hukumar tacewa a Kano a 2001, aka kuma ƙona littattafai a bainar jama'a a 2007, mai yawa daga irin wannan rubutu ya koma WhatsApp da Wattpad inda babu mai tacewa. Can za ka tarar da wanda ya cika babi talatin da batsa, ya liƙa wa'azi a shafin ƙarshe. Don haka jigon littafi kaɗai ba ya nuna inda ya dosa. Uba ko malamin da ke son tantancewa ya duba inda alƙalamin ya fi daɗewa: a kan jiki ne, ko a kan abin da ya sami mutane? Ya kuma sani cewa yawancin littattafan Turancin nan na manya ne, wasunsu kamar na Duiker da Emezi da Ifeakandu na da wuraren da suka fito da abu ƙuru-ƙuru, ba na ɗan sakandare ba ne.

Abin da ke sauka a kan talaka

Wanda bai taɓa buɗe ko ɗaya daga littattafan ba ma abin da suke nunawa na iya iso masa. Kalmomin dokar 2014 game da nuna soyayya a fili ba su da iyaka bayyananniya, kuma zargi ba ya buƙatar shaida kafin ya yi ɓarna. A Agustan 2018 'yan sanda sun kama maza 57 a wani otal a Egbeda da ke Legas, aka nuna fuskokinsu a talabijin, aka gurfanar da 47. A Oktoban 2020 babbar kotun tarayya ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa bin ta. Babu wanda aka samu da laifi, amma hotunan sun riga sun zaga gari. Akwai kuma sana'ar da ake kira kito, inda ake yaudarar mutum ta waya a kai shi wani ɗaki, a yi masa duka, a ɗauki bidiyo, a riƙa tatsar danginsa, da sanin ba zai kai ƙara ba.

Cakuɗa kalmomi na da nata sharrin. Idan babba ya yi wa yaro fyaɗe, a makarantar kwana ko a unguwa, aka kira abin luwaɗi kawai, sai kunyar ta hau kan yaron daidai da wanda ya zalunce shi, iyaye su rufe maganar, mai laifin ya koma kan wani. Ta fuskar lafiya ma, wani bincike da aka yi a Abuja aka wallafa a mujallar Lancet HIV a 2015 ya nuna tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin maza masu neman maza bayan dokar.

Sai abota ita kanta. Bahaushe ya gaji riƙe hannun amininsa a kan titi, da kwana ɗaki ɗaya da baƙo, da babban aboki a biki. Mata na da ƙawa da aminiya da uwar ɗaki, zumuncin da Baba ta Karo ta bayyana dalla-dalla a littafin Mary Smith na 1954. Idan zargi ya yi yawa, waɗannan ne ke fara janyewa: samari biyu da suka haɗa kuɗin haya sai mai gida ya riƙa yi musu wani kallo, 'yan mata biyu da suka shaƙu a makaranta sai a kira iyayensu.

Littafin Sarr da aka yi wa ca a kan wannan ya tsaya. Ndéné Gueye malamin adabi ne a jami'a a Dakar. An nuna masa bidiyo a waya, gungun mutane na tone kabari suna jawo gawar wani saurayi don an ce goor-jigeen ne, ya kalla ya ɗage kafaɗa. Daga baya abin ya hana shi barci. Ya koyar da waƙoƙin Verlaine, mawaƙin Faransa da aka sani da neman namiji, duk da takardar ma'aikatar ilimi da ta hana, aka dakatar da shi, jita-jita ta fara bin sa shi ma. Ya nemi gidan mamacin, ya tarar da uwar, wadda da maƙabarta ta gagara ta binne ɗanta a tsakar gidanta. Shekara biyar bayan fitowar littafin, a Oktoban 2023, wasu mutane a garin Kaolack suka tone gawar wani mutum da aka yi wa irin wannan zargi, suka ƙona ta, aka ɗauka a waya aka yaɗa. Hukumomin Senegal sun buɗe bincike, suka kama wasu daga cikinsu.